Ƙanina ya zama ɗan dangwale, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A kan ƙanina nake neman shawara. Ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, yau shekara biyu yana zaune gida a Anguwan Rogo. Ya kai takardu har ya gaji. Tun da Notcoin, wasan dangwalar gilashin waya a Telegram don tara maki, ta fashe (wato aka fara mayar da makin kuɗi) a watan Mayun 2024, wani abokinsa ya canza waya da kuɗinta, shi ke nan ya tsunduma. Duk wasan da aka turo masa a Telegram sai ya shiga, har a wayar Mama ya buɗe. Da asuba, cikin sanyin nan na Jos, za ka same shi ƙudundune a bargo babban yatsa na ta aiki, tsakiyar gilashin wayar har ya dushe. Wanda ya fi sa wa rai da ya fashe, abin da ya samu bai kai kuɗin datar da ya ƙona ba. Na ce ya daddara, ashe sabo zai kama. Ni nake saya masa data, ga shi ta ƙara tsada tun farkon 2025. Baba ya ce in daina, a karɓe wayar ma. Ni kuma tsorona kada ya faɗa majalisar da ta fi wannan muni. Ya zan yi?

Wani daga Rikkos:
Hajiya, ke kika ɗaure masa gindi. Ki daina saya, yunwar data za ta fito da shi.

Tsohon ɗan dangwale:
Yaya, kada a karɓe wayar. Na yi wata bakwai a ciki, kuma ba kuɗin ne kawai ya riƙe ni ba. Wanda ba shi da wurin zuwa da safe, wasan nan ne ke ba shi. Kullum akwai aikin ranar da za ka kammala kafin lokaci ya ƙure, lambobi na hawa, ga abokai ana ta lissafin ranar da za ta fashe. Idan aka ce me kake yi, kana da amsa. Wannan amsar ita ce abin da yake karewa, ko da bai faɗa miki ba.

Lissafin kuwa ba ya fita. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan suna cin kuɗin talla da bidiyon da suke sa mu kalla. Hamster Kombat kaɗai, ɗaya daga cikin wasannin nan, ta ce tana da mutum miliyan 300. Ko nawa aka raba wa wannan taro, me zai iso hannun mutum ɗaya?

Ni abin da ya cire ni, wani yayanmu ya ja ni Farin Gada ina rubuta masa lodin kabeji da karas da ake turawa Kudu. Ƙarfe shida ina kasuwa. Kafin azahar yatsan ma ya manta. Ki nema masa abin da zai cinye safiyarsa.

Wata malamar makaranta:
Allah ya shirya mana. Abin dariya, a 2023 hukumar ƙididdiga ta sauya ma'auni, rashin aiki ya sauko daga kashi 33.3 zuwa 4.1, don ko awa ɗaya ka yi aiki a mako an ƙirga ka. Mu da ke cikin unguwa mun san adadin samarin da ke bakin shagon mai caji. Tun da yana son waya, ya gwada shirin 3MTT na koyon fasahar zamani idan an buɗe.

Ɗan baiwa:
Ku daina yi mana kuɗin goro, akwai waɗanda suka samu. Amma Aunty ki lura, ranar da ya ce a ba shi kuɗi ya zuba don a ninka masa, wannan ba dangwale ba ne kuma. A nan za ki tsaya tsayin daka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Muna da kawu a kasuwar Katako, ya taɓa cewa yana neman mai riƙe masa littafi. Sai dai yaron nan akwai girman kai, zai ce da digirinsa za a kai shi cikin ƙurar katako.

Tsohon ɗan dangwale:
To kada ta fito daga bakinki. Kawu ya kira shi da kansa, ya ce taimako yake nema na sati biyu, lissafinsa ya rikice.