Audugar matan da na kai makaranta

Maman Ilham: Jama'a raina a ɓace yake. Ranar 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya, na kai katan uku na audugar mata wata makarantar unguwarmu. Wata 'yar aji biyu ta cusa tata cikin hijabi hannunta na rawa, ta ce duk wata sai ta yi fashin aji kwana huɗu saboda ƙazamin tsumman da take ƙunzugu da shi ba ya riƙewa. Yau maƙwabcina ya aiko wai ina koya wa yara rashin kunya.

Hajiya Babba: Ƙazami? 'Yar nan, da tsumman nan muka yi ƙunzugu, mu da iyayenmu. Mu wanke da ruwan zafi mu shanya. Ki janye kalmar.

Anti Nas: Hajiya, wajen shanyar ce matsala. Yarinya don kunya sai ta tura shi ƙarƙashin katifa da danshinsa, bai ga rana ba. Daga nan ƙaiƙayi ke farawa.

Baban Sadik: Wato iyayenmu ƙazamai ne ke nan?

Maman Ilham: Yaya, ina na ambaci iyaye?

Malam Ƙarami: Ahalari ma da yara ke karantawa akwai fasalin haila a ciki. Kuma Muslim ya ruwaito Annabi (SAW) ya ce wa Nana A'isha hailarta ba a hannunta take ba.

Baban Sadik: Allah gafarta Malam, ba mu musa ba. Hoton da Maman Ilham ta ɗora a Facebook fa? Sadaka ce ko neman suna?

Anti Nas: Kai da ko fakiti ɗaya ba ka taɓa saya wa ƙannenka ba.

Baban Sadik: Kar ki sako gidanmu.

Abban Hanifa: Dokar kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT kan audugar da ake yi a Najeriya, amma je shago ka ji farashi. Kenya tun 2017 doka ta wajabta rabawa kyauta a makarantun gwamnati.

Hajiya Babba: Ba siyasa muke ba. Har yanzu ba ta janye ba.

Shugaban zaure: Na rufe nan. Abin da na gani, an taɓa mutuncin iyaye kuma Hajiya ce da gaskiya. Maman Ilham ki ba ta haƙuri, ki sauke hoton.

Maman Ilham: Hajiya ki yafe ni. Amma yarinyar nan wata mai zuwa ma kwana huɗu za ta rasa. Wa zai kawo kuɗin katan ɗaya?