Dattijo na son sayar da tsofaffin libarba biyar a Jos, ta ina ake bi?

Mai tambaya, Rayfield:
Salamu alaikum. Wani dattijo ya haura tamanin, yana da tsofaffin libarba, wato ƙananan bindigogin hannu, guda biyar da ya tara tun yana saurayi: ƙirar Webley uku, ƙirar Enfield biyu. Yana son ya sayar da su tun yana raye, kada su zama rigima ga magada. Biyu ne kawai ke da tsohuwar takarda. Ina ake samun mai saye, kuma nawa za su yi?

Lauya, Abuja:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a ajiye maganar farashi tukuna. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindiga gida uku. Ta toka, irin ta maharba, Kwamishinan 'Yan Sanda ke ba da lasisinta. Irin su mai baki biyu, Sufeto Janar. Amma libarba da fistol suna cikin haramtattu, Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma tsufa ba ya fitar da su daga jerin, domin har fistol mai ƙanƙara dokar ta ambata. Wanda aka kama da ita ba lasisi, ɗaurin da aka tanada ba ya gaza shekara 10.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne gwanjon da suke gani a intanet. A Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce a dokar tarayyarsu. Mu ba mu da wannan rangwame. Sayarwa hannu da hannu laifi ne ga mai saye da mai sayarwa, lasisi kuma ba ya bin bindiga zuwa hannun wani. Takardar da aka daina sabuntawa ma ta mutu.

Baba ya yi tunani mai kyau da ya taso da maganar yanzu. Idan mai lasisi ya rasu, kwana 14 kacal doka ta ba magada su riƙe bindigar. Lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sandan Filato cewa ana son miƙa su, a jira su faɗi rana da yadda za a karɓa. Kada kowa ya sa su a but ɗin mota ya nufi ofis. Idan aka tare shi a shingen bincike, kyakkyawar niyya ba hujja ba ce. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowace ɗaya.

Tsohon ma'ajin makamai, Bukuru:
Kafin takardar lauya, a tabbatar ba harsashi a ciki. Duka nau'in biyu karyewa suke yi daga sama: a juya baki ga bangon bulo, yatsa nesa da kunama, a tura maƙullin gefen hagu da babban yatsa, bututun zai sunkuya, ramuka shida su bayyana. Idan ta cije, a bar ta haka, a faɗa wa masu karɓa. Guduma ko sukundireba ba su da aiki a nan.

Sai a rubuta lamba. Tana gangar jikin bindigar, galibi an maimaita ta a bututu da gidan harsashi. Webley Mk VI ta sojan Ingila ce tun 1915, harsashinta .455, Enfield mai lamba 2 ta gaje ta a 1932, tana cin harsashin .38. Alamar kibiya da aka buga a ƙarfen na nufin asalinta kayan gwamnatin Birtaniya ce, a sa wannan a jerin. Hoto gefe biyu, a ajiye wa lauya, ban da WhatsApp.

Tsohon harsashi kuwa a ware shi a kwali daban, a lissafa, a miƙa tare. Kada a gwada harbawa don a ga ko tana aiki. Wani harsashin yakan yi jinkirin tashi, wani ya maƙale a bututu.

Ma'aikaciyar adana kayan tarihi, Jos:
Ƙari kaɗan, ranka ya daɗe. Kuɗi dai ba za su fito ba, amma ba dole a narkar da su ba. Idan akwai wadda tarihinta ya tabbata, misali ta wani da ya yi yaƙin Bama, a haɗa takardun sallamarsa da hotuna, a rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Gidan tarihin Jos, da aka buɗe a 1952, ƙarƙashinta yake, haka na yaƙi da ke Umuahia. Karɓa ko ƙi nasu ne, kuma sai da sanin 'yan sanda.

Kafin nan a fitar da su daga kuben fata, fata na riƙe danshi ta ci ƙarfe, musamman da daminar Jos. A goga siririn man keken ɗinki da tsumman auduga. Ban da samfefa, ban da fenti, domin su ke shafe alamomin da ake gane asali da su. Mariƙin galibi baƙar roba ce da ta bushe, sukurun nan ɗaya idan aka ƙara ɗaure shi sai ta tsage.

Mai tambaya, Rayfield:
Na gode ƙwarai. Ukun da ba su da takarda fa, a sa su cikin wasiƙar?

Lauya, Abuja:
A sa duka biyar. Wadda aka ɓoye ita ce za a tarar a gidan wata rana, ba mai bayani. Shi ya sa wasiƙar za ta fito daga ofishin lauya, ba daga hannun Baba ba.