Dan Allah a taimaka, doraji na ya ƙi fitowa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu ilimin tsirrai. Ina karatu a Koriya ta Kudu, a nan na ga wani tsiro da suke kira doraji, sunansa na kimiyya Platycodon grandiflorus, asalinsa na daji ne a kan duwatsu kuma saiwarsa suke ci, tana da ɗan ɗaci. Furen ne ya ja hankalina wallahi, kafin ya buɗe sai ya kumbura kamar balan-balan sannan ya tsage gida 5, shuɗi mai kyau.

Bara na shuka iri a tukunya ya yi kyau har ya yi fure, da sanyi ya shigo ganyen ya bushe kaf, aka ce min haka yake yi duk shekara saiwar na nan da rai. To ni kuma a watan Nuwamba na canza masa tukunya, daga baya nake jin wai baya son a taɓa masa saiwa, kuma duk lokacin sanyin ban daina ba shi ruwa ba.

Yanzu ga Afrilu ya kusa ƙarewa ko tsiro ɗaya babu. In tona in duba ko ta ruɓe ne, ko tonon zai ƙarasa ta? Ko dai in ƙara haƙuri zuwa Mayu?