Na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra: me ya sa yawan ƙwayoyi ya dami masana, ba gudun kaɗai ba?

Malam Sanusi, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina koyar da fiziks a wata sakandare nan cikin Katsina. Ranar Laraba ɗalibata 'yar aji shida ta tare ni bakin ƙofa, alli na hannuna, ta nuna mini labarin HIAF, na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra da Sin ta fara ginawa a birnin Huizhou a 2018. Ta ce, "Malam, na gane ana cire wa zarra mai nauyi wasu elektron, a ingiza ta da lantarki, a lanƙwasa mata hanya da maganaɗisu. To me ya sa suke ta nanata yawan ƙwayoyin? Ashe ba gudun ake nema ba?" Na ba ta amsa, amma ni kaina ban gamsu ba. Ba na son in tsaya gabanta ranar Litinin ina kame-kame.

Abdulhadi, Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta taɓo inda gizo ke saƙa. Cibiyar zarra 'yar mitsitsiya ce, sauran duk fili ne, saboda haka kusan duk ƙwayar da aka harba don ta bugi cibiyar wata zarra wucewa take yi. Kamar ka watsa mudun gero kana so ƙwaya ɗaya ta faɗa bakin kwalba daga nesa.

Ba ta labarin cibiyar bincike ta RIKEN a Japan. Daga 2003 zuwa 2012 suna harba ƙwayoyin tutiya kan ƙarfen bismut don su haɗa sinadari na 113, wanda aka raɗa wa suna nihoniyom. Shekara tara, zarra uku kacal ta sabon sinadarin suka samu! Da abin da suke harbawa ya ninka goma, da aikin bai kai shekara ba. Amma ƙara yawan ba wasa ba ne. Ƙwayoyin duk cajinsu iri ɗaya, suna ture juna, sai zaren ƙwayoyin da ake harbawa ya baje. Abin da ake harba wa kuma yana iya narkewa, shi ya sa ake yin sa kamar faifai yana juyawa. Irin wannan fama ake yi a wasu cibiyoyin hanzarta ƙwayoyi, kamar FRIB ta Amurka da aka buɗe a 2022, da FAIR ta Darmstadt a Jamus, mai zoben da kewayensa ya kai kimanin mita 1,100.

Maman Khalifa, Sabuwar Unguwa:
Malam, ka ƙara mata da wannan. Mahaifiyata ta yi jinyar daji a wuya. Mun bar Katsina don a gasa mata, muka yi mako uku a ɗakin wata 'yar'uwa muna jiran a gyara inji. Bayan gashin, ko kunu da ƙyar take haɗiya. Daga baya na karanta cewa ƙwayoyin kabon suna sauke yawancin ƙarfinsu ne daidai inda suka tsaya, a kan ƙarin, ba su cika ƙona naman da ke hanya ba. An fara jinya da su a Chiba ta Japan a 1994, sai cibiyar GSI ta Jamus a 1997. Daga irin wannan binciken abin ya fito. Har yau in na tuna wuyanta sai na yi hawaye.

Abdulhadi, Daura:
Allah ya sa kaffara ne, Maman Khalifa. Malam, kada yarinyar ta ɗauka sai ta ƙetare teku za ta fara. Akwai ƙaramar na'urar hanzarta ƙwayoyi a jami'ar Ile-Ife, ga kuma tukunyar nukiliya ta bincike a CERT, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana aiki tun 2004.

Malam Sanusi, Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan shiga aji da mudun gero da kwalba. Malam Abdulhadi, ko ka san yadda ake neman izinin kai ɗalibai ziyara Zariya? Su goma sha huɗu ne, mota ɗaya ta ishe mu.