Wai a Amurka ba a haɗa addini da siyasa?

Baban Yara: Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Kullum ana mana gori wai mu ne masu cusa addini cikin siyasa, to ku leƙa jihar Utah a Amurka, ɗarikar Mormon ce riƙe da komai, gwamna Spencer Cox nasu ne, yawancin 'yan majalisar jihar nasu ne, kai gwamnan farko ma na yankin kafin ya zama jiha, Brigham Young, shi ne shugaban cocin a lokacin, amma ba mai cewa uffan.

Ɗan Zawiya: Malam ka janye kalmar ɗarika. Coci ce, ka ce coci.

Abu Sunna: To me ya yi zafi? Nima dai na ga kama 😂

Ɗan Zawiya: Dama na san za ka fito, ku ba kwa barin a zauna lafiya.

Baban Yara: Jama'a ɗarika fa a Hausa ba ta mutum ɗaya ba ce, ko a rediyo ana cewa ɗarikar Katolika.

Ɗan Zawiya: Rediyo ba hujja ba ce.

Malamin Gwamnati: Ku tsaya. Mitt Romney da ya kara da Obama a 2012 ɗan Republican ne, Harry Reid na Nevada da ya jagoranci masu rinjaye a majalisar dattawa ɗan Democrat ne, duk Mormon ne kuma ba sa ga maciji. Ina umarnin cocin a nan?

Ɗan Nima: Mu a Gana Rawlings ya taɓa rufe su a 1989, sai ƙarshen 1990 aka buɗe.

Abu Sunna: Kai kullum Gana, wa ya tambaye ka?

Anti Mai Kayan Mata: Ba su ne masu tara mata ba? Sai da suka haƙura da shi a 1890 kafin a ba su jiha a 1896, wasu a gidan nan su ɗau darasi.

Abu Sunna: Anti kishin ne ya motsa? Yaushe za a shigo da amaryar?

Anti Mai Kayan Mata: Ka iya bakinka yaro, na girmi yayarka.

Admin: To an rufe. Abin da aka cimma shi ne kalmar ɗarika ba ta dace ba, Ɗan Zawiya ya kawo hujjoji masu ƙarfi ba wanda ya iya amsa masa. Abu Sunna wannan ne gargaɗinka na biyu. Maganar Utah kuma Baban Yara ka kai wani gidan.