A daina karanta sakamako gaban aji? Muhawarar iyayen yara a Maradi

Mushe: Salamu alaikum. Maganar da na yi a taron iyaye ina nan a kanta. Jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe, a karanta gaban aji, bai taɓa ƙara wa kowa ilimi ba. Biyar na sama yake zaburarwa, sauran ya kashe musu gwiwa.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Mushe, nan kam ban bi ka ba. Zamaninmu darakta ke tsayawa tsakar fili ya kira suna ɗaya ɗaya, na ƙarshe a yi masa ihu. Ni na sha ihun nan a CE2, aji huɗu na firamare, kuma ban sake yarda na sha ba. In babu gasa, mi zai sa yaro ya bar ƙwallo ya ɗauki kaye?

Mushe: Alhaji, kai ka tashi. Waɗanda aka yi wa ihu tare da kai, nawa suka kai CM2, ajin ƙarshe na firamare?

Alhaji: Wannan kuma rabo ne.

Hajiya: Ku bari in ba ku labarin gidana. Ɗiyata tana tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren D na kimiyya. Da asuba karatun allo, sai lakwal, da la'asar mai koyarwa ya zo gida, bayan isha'i ta koma kan lissafi. Watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, in wuta ta ɗauke sai ta fito tsakar gida da tocila a haƙora, hannu ɗaya na rubutu ɗaya na korar sauro. Ta samu 13 bisa 20, ta zo ta huɗu. Kwana uku bultan ɗin, wato takardar sakamakon, na ƙarƙashin katifa. Da na tsince shi wajen shara ta fashe da kuka, wai babanta ya ce in ba ta ɗaya ba kar ta nuna masa. Yarinyar da ta rame har zobe na zame mata a yatsa!

Alhaji: Ayya. Amma Hajiya, laifin maigida ne wannan, ba na lakwal ba.

Ɗalibi: Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki. Ina karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ranar BEPC ko Bak, jarrabawar gama ƙaramar sakandare da ta babba, ba wanda ke tambayar ka na nawa kake zuwa a ajinku. Ka kai 10 bisa 20 ka ci. Yabo kuma daga 12 yake farawa, sai 14, sai 16. Abin da gasar aji ta koya mana hadda ce. Yaro Hausa yake ji a gida, ya zo a zuba masa darasi da Faransanci, ya haddace kamar karatun aku, ya juye a takarda, bayan sati ya manta. Na ga masu zuwa na ɗaya sun daburce a shekarar farko ta jami'a don an ce su yi bayani da kansu.

Alhaji: Ɗana, ka ci Bak ɗin ne shi ya sa bakinka ya buɗe. Gurbin karatun likita fa? Kuɗin tallafi fa? Jarrabawar ɗaukar aiki fa? Duk zaɓe ake yi. Ko a babbar kasuwa, wanda ya riga buɗe shago shi ke tare mai saye. Gara yaro ya saba tun yana ƙarami.

Mushe: To ai gasar ce ba a tashi wuri ɗaya ba. Wani ubansa na biyan jika goma a wata don a koya masa a gida. Wata sai ta sauke farantin talla za ta buɗe littafi. Wasu kuma a rumfar zana suke karatu, irin wadda ta kama wuta nan garin a Nuwamban 2021 muka rasa yara fiye da 20, Allah ya ji ƙansu. Ka jera waɗannan a layi guda ka ce wane ya fi wane ƙoƙari?

Hajiya: Amin. Kuma mu faɗi gaskiya, rabin gasar tamu ce mu iyaye. A gidan biki za ka ji "nawa na ɗaya ya zo", sai ka koma gida ka sauke haushin kan naka.

Alhaji: Na yarda a bar ihun. Amma a rubuta matsayin a bultan, uba ya gani. Hajiya, da maigidan ya gani mi ya ce?

Hajiya: Ya daɗe yana kallon takardar, sai ya tambayi ɗiyar wa ce ta zo ta ɗaya.