Idan manhajar riga-kafi ta goge ƙwayar "ƙofar baya", an tsira ke nan?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Idan aka gano muguwar manhajar da ke ba wani damar sarrafa kwamfuta daga nesa, wato "ƙofar baya", aka goge ta, akwai sauran abin yi?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Akwai, malam. Irin wannan manhaja ita ke kiran sabar maharin, wato kwamfutar da yake ba da umarni daga gare ta, daga cikin kwamfutarka, galibi ta tashar 443, wadda shafukan intanet ke bi, shi ya sa katangar tsaro (firewall), mai tace haɗin intanet, ba ta cika tare ta ba. Da zarar layin ya haɗu, maharin na iya karanta abin da ake bugawa a madannai, ya kwashe fayiloli, ya kunna kyamara, ya kuma sauke wasu manhajojin. Waɗannan na baya su ne matsalar: an goge ta farko, su suna nan.

Amsa ta 2:
A fara cire intanet. Sai a duba abubuwan da ke tashi tare da Windows ta amfani da manhajar Autoruns ta Microsoft, musamman sassan Run na rajistar Windows, inda ake jera shirye-shiryen da ke tashi da kansu, da ayyukan Task Scheduler, mai tayar da shiri a lokacin da aka tsara. Umarnin netstat -ano, da ake bugawa a Command Prompt na Windows, yana nuna lambar shirin da ke riƙe da kowane haɗi, amma wanda ke kira jefi-jefi zai iya kuɓucewa.

Amsa ta 3:
A ganina, a kwafe takardu kawai, a sake ɗora Windows daga tushe. Kalmomin sirri a canza su daga wata na'ura mai tsabta, sannan a fitar da duk na'urorin da ke cikin kowane asusu, domin kukis ɗin da aka sace, wato ƙananan fayilolin da ke shaida wa shafi cewa an riga an shiga asusu, na iya ci gaba da aiki.